Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Dodge Charger: Daga Tsatsa Zuwa Fenti

Duk mai yawan duba TikTok, Instagram ko YouTube ya san irin bidiyon nan. Za a nuno wata tsohuwar mota da aka jawo daga bayan gida, tayoyi sun sace, ciyawa ta tsiro ta cikin bonet, tsatsa ta cinye ƙofa. Kafin minti ɗaya ya cika sai ga ta ta koma sabuwa fil, tana ƙyalli, inji yana ruri. Galibin motocin da ake nunawa su ne waɗanda Amurkawa ke kira muscle car, kuma a cikinsu babu wadda matasa suka fi ganewa kamar Dodge Charger, baƙar motar nan da Vin Diesel ke tuƙawa a fim ɗin Fast and Furious.

Aikin da aka dunƙule a minti ɗaya yakan ci watanni, wani lokaci shekaru. Fesa fenti, wanda shi ke jan ido, shi ne mataki mafi gajarta. Darajar motar tana ƙarƙashin fentin ne: lafiyar ƙarfenta, da shawarar da mai ita ya yanke tun kafin a kwance noti ko ɗaya. Wanda ya kuskure a nan yana iya zuba dubban daloli, ya ƙare da motar da ba za ta dawo masa da rabin kuɗinsa ba. Wannan bayani zai bi aikin daki-daki, da misalin Charger ta 1968 zuwa 1970.

Mece ce muscle car?

Ma'anar sunan ita ce mota mai ƙwanji. Dabarar ba ta da wuya: a ɗauki jikin matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu, a cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas wanda asali na manyan motoci ne, a sayar da ita a farashin da matashi mai aikin yi zai iya biya. Yawancin masana tarihin motoci suna ɗaukar Pontiac GTO ta 1964 a matsayin wadda ta buɗe fagen. Nan da nan sauran kamfanonin Amurka suka biyo sahu. Chevrolet ya fito da Chevelle SS, Plymouth ya fito da Road Runner, Dodge ya fito da Charger, ga kuma ƙannensu irin su Ford Mustang da Chevrolet Camaro.

Zamanin bai daɗe ba. A farkon shekarun 1970 kamfanonin inshora suka tsauwala wa masu irin waɗannan motoci, gwamnati ta kafa dokokin rage hayaƙi, sannan rikicin man fetur na 1973 ya zo ya ƙarasa su. Mota mai shan mai kamar raƙumi ta zama kaya. An jingine da yawa, wasu aka sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Shi ya sa waɗanda suka rage yau suke da tsada, kuma kusan kowacce tana neman gyara, tunda duk sun haura shekara 50.

Charger ta 1968 zuwa 1970

Charger ta fara fitowa a 1966, amma samfurin da duniya ta fi sani shi ne na biyu, wanda aka ƙera daga 1968 zuwa 1970. Jikin yana da ƙugu kamar kwalbar Coca-Cola, fitilun gaba suna ɓuya a bayan murfi, gilashin baya kuma ya nutse tsakanin ginshiƙan rufi guda biyu. A shekarar farko kaɗai an sayar da kusan 96,000.

Kowace shekara tana da alamarta. Ta 1968 tana da fitilun baya masu da'ira guda huɗu. Ta 1969 an raba fuskarta gida biyu, fitilun baya suka koma dogaye. Ta 1970 kuma bamba ce mai ƙyalli ta zagaye fuskar gaba ɗaya. Dole mai gyara ya san wannan, domin kayan wata shekara ba lallai su hau wata ba, kuma masana suna gane haɗin gambiza da kallo ɗaya.

Samfurin da aka fi nema shi ne R/T. Yana zuwa da injin 440 Magnum mai lita 7.2 da ƙarfin doki 375, ko kuma 426 Hemi mai lita 7.0 da ƙarfin doki 425. Don kwatance, injin Toyota Corolla da aka saba gani lita 1.8 ne, wato 440 ya ninka shi huɗu. Masu injin Hemi ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a kowace shekara, saboda haka farashinsu ya yi wa na sauran nisa.

Fina-finai ne suka ƙara wa motar suna. A fim ɗin Bullitt na 1968, an yi tsere a titunan San Francisco tsakanin baƙar Charger da koriyar Mustang ta Steve McQueen. Shirin talabijin na The Dukes of Hazzard, wanda aka yi daga 1979 zuwa 1985, ya ragargaza ɗaruruwan Charger wajen tsalle-tsalle. A 2001 kuma Fast and Furious ya gabatar da ita ga sabbin matasa.

Shawara ta farko: wace hanya za a bi?

Kafin a taɓa motar, akwai hanyoyi uku a gaban mai ita, kuma wadda ya zaɓa ita za ta yanke duk abin da zai biyo baya, har launin fenti.

Ta farko ita ce a mayar da motar daidai yadda ta fito daga masana'anta: launinta na asali, injinta na asali, irin kujerunta, irin tayoyinta. Masu bin wannan hanya suna kai wa ga sake zana alamun alli da ma'aikatan kamfani suka yi a jikin kayan mota lokacin haɗa ta. A gasar irin waɗannan motoci, alƙalai suna iya rage maki idan aikin ya fi na kamfani kyau, domin abin da ake aunawa shi ne kama da asali.

Ta biyu ita ce wadda ake kira restomod: siffa ta da, kayan ciki na yau. Sabon inji, birki na zamani, na'urar sanyaya mota, da duk launin da rai ke so.

Ta uku ita ce a bar motar yadda take, a gyara abin da zai sa ta tashi ta yi tafiya lafiya kawai. A watan Janairun 2020, kamfanin gwanjo na Mecum ya sayar da koriyar Mustang ɗin nan ta fim ɗin Bullitt a jihar Florida kan dala miliyan 3.74. Fentinta ya koɗe, da tsatsa da lotsawa a jikinta. Da mai ita ya yi mata sabon fenti, da ya goge abin da masu saye suka zo nema. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Ƙa'idar da masu wannan harka ke bi ita ce: idan motar samfuri ce mai wuyar samu kuma injinta na asali yana nan, a bi hanya ta farko ko ta uku. Idan Charger ce gama-gari mai ƙaramin injin 318, ko kuma injin nata ya daɗe da ɓacewa, to mutum yana da 'yancin yin yadda yake so ba tare da ya yi asarar komai ba.

Lambobin da ke tona asiri

Ta yaya za a san wace iri ce? Kamar yadda kowace waya take da lambar IMEI, haka kowace mota take da lambar VIN. Motocin yau suna da haruffa da lambobi 17, tsarin da aka soma a 1981. Charger ta wancan zamani tana da 13, a kan wani ɗan ƙarfe da ake hangowa ta gilashin gaba.

Lambar tana karantuwa. Idan ta fara da XP29, Charger ce ta gama-gari. Idan ta fara da XS29, R/T ce. Harafi na biyar shi ke faɗin injin. A 1968 da 1969, L na nufin 440, J na nufin Hemi. A 1970 aka canza, U ya zama 440, R ya zama Hemi. Na shida kuma shekara ce. Don haka XS29L9 na nufin Charger R/T ta 1969 mai injin 440. Ana buga wani ɓangare na lambar a jikin inji da akwatin giya. Idan suka dace da ta jikin motar, an tabbatar injin da ta fito da shi ne, kuma wannan kaɗai yana ɗaga farashi sosai.

A ƙarƙashin bonet, ɓangaren direba, akwai wani ƙaramin faranti da ake kira fender tag. A kansa aka buga lambobin duk abin da aka saka wa motar a masana'anta, har da lambar launin fenti. Wani lokaci kuma, idan aka ɗaga kujerar baya, sai a tsinci takardar da ma'aikata suka bi wajen haɗa motar, maƙale a cikin wayoyin kujera.

Waɗannan lambobi suna da muhimmanci saboda akwai jabu. Abu ne mai sauƙi a liƙa wa Charger gama-gari tambarin R/T da ratsin wutsiya. Yin hakan ba laifi ba ne muddin an faɗa wa mai saye gaskiya. Amma cire lambar VIN daga wata mota a ɗora wa wata babban laifi ne a dokar Amurka.

Tsatsa, babbar abokiyar gaba

A jihohin arewacin Amurka ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yana fantsama ƙarƙashin mota, ya maƙale a lunguna, ya ci ƙarfe daga ciki. Motocin wancan zamani ba su da kariyar tsatsa irin ta yau. Shi ya sa masu saye ke rububin motar da ta yi rayuwarta a busassun jihohi kamar Arizona da Nevada. Rana tana ƙona fenti da kujeru, amma tana barin ƙarfe lafiya, kuma sauya kujera ya fi sauya ƙarfe araha nesa ba kusa ba.

Charger tana da wata matsala ta daban. Ba a ɗora jikinta a kan shasi mai zaman kansa kamar babbar mota ba. Jikin da ƙashin bayan a haɗe suke, abu guda ne. Idan daɓen ƙasa da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashinsa suka ruɓe, ƙarfin motar gaba ɗaya ya tafi. Ƙofofi za su daina rufuwa daidai, kuma a haɗari motar tana iya naɗewa.

Wuraren da ake fara dubawa su ne gefen baya kusa da taya, daɓen but, daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba, da kewayen gilashin baya, inda ruwa ke kwanciya saboda yadda gilashin ya nutse. Motocin da aka lulluɓe rufinsu da leda mai kama da fata, abin da ake yayi a lokacin, sukan ɓoye tsatsa a ƙarƙashinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ɗan ƙaramin yagewa a ledar ya isa ruwa ya shiga ya zauna shekaru.

Kwancewa da tsiraita ƙarfe

Cikakken gyara yana farawa da kwance komai: inji, giya, gilasai, kujeru, wayoyin lantarki, har a bar ƙwarangwal. A nan wayar hannu take da amfani fiye da kowane sifana. Ana ɗaukar hoton kowane abu kafin a cire shi da bayan an cire, a zuba notuna a 'yan ledoji, a rubuta sunan inda suka fito. Bayan shekara biyu babu wanda zai tuna wace waya ce ta bi ta bayan wane ƙarfe.

Daga nan ana ɗaure ƙwarangwal ɗin a kan wani abin juyawa mai kama da na gasa kaza, domin a iya kifa motar a yi aiki a ƙarƙashinta a tsaye.

Sai cire tsohon fenti. Ana iya fesa wa jikin yashi da iska mai ƙarfi, amma yashi yana lanƙwasa faffaɗan wurare kamar rufi, bonet da ƙofa. Don haka a irin waɗannan wurare ake amfani da abu mai taushi, kamar garin soda ko ƙananan ƙwayoyin roba. Wasu kuma suna tsoma jikin gaba ɗaya a tankin sinadari wanda ke cinye fenti da tsatsa har cikin lunguna. Ko wace hanya aka bi, a ranar ne gaskiya ke fitowa. Motar da ake ganin lafiyayya ce sai a iske gefenta kamar rariya, da tsohon faci da wani ya yi shekaru 30 baya.

Tsiraren ƙarfe ba ya jira. A iska mai laima yana soma yin ja cikin 'yan sa'o'i. Shi ya sa da an gama tsaftace shi ake fesa masa firaimar epoxy, wadda ke kama ƙarfe gam ta toshe hanyar iska da ruwa.

Walda ko fila?

A nan aikin kirki yake rabuwa da na algus. Maganin ruɓaɓɓen ƙarfe ɗaya ne: a yanke shi, a sa sabo, a yi walda. Kamfanoni irin su Auto Metal Direct suna buga sababbin sassan jikin Charger daidai da na asali. Kamfanin Dynacorn ma yana sayar da cikakken sabon jikin tsohuwar Mustang da Camaro.

Kaurin ƙarfen jikin mota kusan milimita 1 ne. Idan mai walda ya ja wuta a layi ɗaya, zafi zai murɗe shi. Saboda haka ake yin waldar ɗigo-ɗigo, a ɗiga nan, a tsallaka can, a jira ya huce, har layin ya cika. Kafin a yanke daɓe kuma sai an tokare jikin da sandunan ƙarfe daga ciki, in ba haka ba motar za ta karkace.

Fila ba abin ƙi ba ce. Kusan duk motar da ke cin gasa tana da ita. Aikinta shi ne ta cike 'yan ƙananan kwarin da guduma ta bari, kuma bai kamata kaurinta ya wuce 'yan milimita kaɗan ba. Matsalar ita ce a cusa ta a rami, ko a lafta ta a kan tsatsa. Fila tana shan laima. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai fenti ya soma ƙuraje, daga nan ya tsage, a koma gidan jiya.

Bayan walda ana mayar da ƙofofi, bonet da murfin but, a daidaita ratar da ke tsakaninsu ta zama iri ɗaya ko'ina, kusan milimita 4 zuwa 5. Sai a fesa firaima mai kauri, a barbaɗa baƙin gari a kai, a goge da samfefa da aka naɗa a kan dogon katako. Duk inda baƙin ya rage, akwai kwari. A cike, a sake fesawa, a sake gogewa, sau da yawa. Wannan aikin ne ke cin mafi yawan lokaci da kuɗi. Cikakken gyara yakan haura sa'o'i 1,000 na aikin hannu.

Akwai haɗari ga lafiya a wannan mataki. A masana'anta da dalma aka cike mahaɗar rufi da gefen baya, kuma ƙurar dalma guba ce. Ba a gurza wurin ba tare da abin rufe hanci na musamman ba.

Sauya siffar jiki

Wanda ya zaɓi hanyar restomod yana da zaɓi da yawa. Ana iya faɗaɗa gefen baya don manyan tayoyi su shige. Ana iya cire mariƙin ƙofa da tambura a shafe wurin. Ana iya matso da bamba ta manne da jiki, ko a rage wa motar tsayi. Wasu suna huda bonet don na'urar cusa wa inji iska ta leƙo waje, irin ta Fast and Furious. Kamfanin SpeedKore da ke jihar Wisconsin ya yi suna wajen ƙera jikin Charger da carbon fiber, wani abu mai ƙarfi da bai kai ƙarfe nauyi ba.

Tambayar da ta kamata a yi kafin kowane sauyi ita ce: za a iya mayar da shi yadda yake? Taya, kujera da duk abin da noti ke riƙewa ana iya cire su gobe. Abin da aka yanke da wuta ya tafi. Masu dabara sukan sayi wani bonet daban su huda shi, su ajiye na asalin a ɗaki. Abin da ake yayi yau yana iya zama abin dariya nan da shekara goma, alhali siffar asali ba ta tsufa a kasuwa.

Fenti kala-kala ne

A 1969, fentin Charger hawa ɗaya ne: launi da ƙyalli a haɗe cikin ruwa guda. Daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma hawa biyu, wato a fesa launi, sannan a bi shi da wani fenti garai-garai mai kama da gilashi wanda ke ba da ƙyalli da kariya daga rana. Mai son motar ta yi kama da ta asali yakan zaɓi hawa ɗaya. Mai son ƙyalli mai zurfi da sauƙin kula yakan zaɓi hawa biyu, musamman idan launin yana da ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki.

Ana fesawa ne a rufaffen ɗaki mai tace iska, don ƙura ɗaya tana iya ɓata bonet guda. Fentin zamani da ake gauraya shi da ruwan taurarawa yana ɗauke da sinadarin isocyanate, wanda ke lalata huhu ya jawo asma. Takunkumin tsumma ba ya tare shi, sai abin rufe fuska mai kawo iska daga waje. Bayan fenti ya bushe, ana goge shi da samfefa mai laushi ƙwarai da ruwa, daga lamba 1500 zuwa 3000, sannan a bi da injin gogewa. Ƙyallin madubi da ake gani a bidiyo daga nan yake fitowa.

Zaɓen launi

Dodge ya yi suna da wasu launuka masu ɗaukar ido da ya kira High Impact, kowanne da lambarsa. Akwai Plum Crazy, shunayya mai lamba FC7. Akwai Sublime, kore shar mai lamba FJ5. Akwai Go Mango mai lamba EK2 da Hemi Orange mai lamba EV2, dukansu ruwan lemo. Akwai rawaya mai suna Top Banana, FY1, da ruwan hoda mai suna Panther Pink, FM3. Motar da farantinta ya nuna ta fito da ɗaya daga cikinsu tana da ƙarin daraja, kuma sauya mata launi asara ce.

Kowane launi yana da halinsa. Baƙi ba ya rufa asiri, duk ɗan kwari ko tudu a jiki sai ya nuna shi, don haka baƙar mota ta fi cin aikin gogewa. Fari da launuka masu haske suna ɓoye aibi. Fentin da ake kira candy, wanda ake fesa launi mai shara-shara a kan azurfa ko zinariya, yana da kyau matuƙa, amma idan ƙofa ɗaya ta ƙuje da wuya a sami faci ya saje. Fenti marar ƙyalli kuma ba a goge shi da inji, idan ya karce sai dai a sake fesa ɓangaren.

Kuskuren da ya fi kama masu waya shi ne zaɓen launi daga hoto. Allon AMOLED yana ƙara wa launi armashi, kyamara tana gyara hoto da kanta, mai ɗora bidiyo kuma ya ƙara nasa. Plum Crazy ɗaya tana iya fitowa shuɗiya a wata waya, ta fito ja-ja a wata. Masu fenti na ƙwarai suna fesa launin a kan ɗan faranti, a duba shi a rana, a inuwa, da ƙarƙashin fitila da dare, kafin a amince. Idan ana son a kwaikwayi tsohon fenti, akwai na'urar hannu mai karanta launi da ake ɗorawa a jikin mota, ta aika wa kwamfuta, kwamfutar ta fitar da ma'aunin haɗi.

Ga wanda bai gama yanke shawara ba, akwai ledar liƙawa ta kamfanoni irin su 3M da Avery Dennison. Tana yin 'yan shekaru, kuma ana iya ɓare ta. Sai dai tana bin siffar abin da ke ƙarƙashinta ne, ba ta ɓoye lotsawa ko tsatsa.

Fasahar yau a tsohon jiki

A ɓangaren inji, ana iya sayen sabo dal a cikin akwati. Mopar, sashen kayan gyara na Dodge, ya fitar da Hellcrate mai ƙarfin doki 707. A baje kolin SEMA na 2018 a Las Vegas kuma ya nuna Hellephant mai ƙarfin doki 1,000, a cikin Charger ta 1968. Wanda ke son riƙe tsohon injinsa yana iya cire kafireta ya sa na'ura irin Holley Sniper, wadda ƙaramar kwamfuta ke auna mata mai da iska, tana kuma koyon halin injin da kanta. Akwai rediyo mai siffar da amma mai Bluetooth, da agogunan gaban direba na dijital masu fuskar tsofaffi.

Ƙarin ƙarfi yana zuwa da sharaɗi. Yawancin waɗannan motoci sun fito da birkin ganga a ƙafa huɗu, babu ABS, babu jakar iska. Ɗora doki 700 a kan birkin 1969 neman ajali ne. Masu hankali suna fara sa birkin faifai, su ƙarfafa ƙasan motar da ƙarin sanduna, su gyara sitiyari, kafin su waiwayi inji.

Yadda ake gane aikin algus

Sau da yawa kuɗin gyara yakan zarce farashin motar a kasuwa, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Wannan ne ke sa wasu 'yan kasuwa bin gajeriyar hanya: fila a rami, fenti mai sheƙi a kai, hotuna masu kyau a intanet.

Akwai hanyoyin kama su. Mayen ƙarfe da aka naɗe a tsumma yana kama jikin mota, amma yana saki inda fila ta yi kauri. Akwai kuma ƙaramar na'urar auna kaurin fenti, wasu ma suna haɗuwa da waya ta Bluetooth su nuna sakamako a manhaja. Ma'auninta maikron ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Fentin kamfani a motar zamani yakan kasance tsakanin maikron 100 da 180. Motar da aka sake wa fenti za ta fi haka, wannan ba matsala ba ce. Abin dubawa shi ne bambanci. Idan ƙofa ta nuna 300, gefen baya ya nuna sama da 1,000, akwai abin da aka binne a wurin. Wannan dabara tana aiki a kan kowace mota mai jikin ƙarfe, har da Corolla ko Golf 'yar Kwatano da ake shirin saye.

Hujjar da ta fi kowacce ƙarfi ita ce hotunan aikin. Mai gyaran da ya yi aikin gaskiya yana ajiye hoton motar lokacin da take tsirara, babu fenti babu fila, ana ganin kowane layin walda. A manyan kasuwannin gwanjo irin su Mecum, Barrett-Jackson da shafin Bring a Trailer, masu saye suna neman waɗannan hotuna da rasiɗai kafin su taya. Idan mai sayarwa yana da hoton ƙyalli ɗari amma ba shi da na ƙarfe ko ɗaya, mai saye ya riƙe kuɗinsa har sai an auna jikin motar a gabansa.